Giwa Ta Tafi, Zanzaro Ya Shigo Gida

Tun daga kan kwanar layinsu Auta ta san yau akwai magana. Doguwar farar motar nan tana fake a ƙofar gida, ta cinye rabin hanya kamar yadda ta saba, alamar Mai Motoci ya zo hira wurin Baffa ke nan. Da ta ga dama, da ta zarce ta yi ta zagaye har sai ya tafi. Ba ta ga damar ba. Ta sauke giyar babur ɗinta, ta raɓa ta gefen motar, ta tura ƙyauren gidan da ƙafa ta shige.

Baffa, yayan mahaifinta, yana zaune ƙarƙashin rumfar tsakar gida da kofin shayi a hannu. Mai Motoci yana gefensa yana wasa da tarin makullai. Tare suka ɗago, domin ƙarar da ta shigo ba ita gidan ya saba ji ba.

Babur ɗin da ta tsayar a gabansu ja ne, siriri, tankinsa a tashe, ƙugunsa a tsuke, bayansa ya ɗage sama. Tun a gareji aka raɗa masa suna Zanzaro.

Ta kafe shi, ta cire hular kwano, ta gyara ɗankwalinta, sannan ta rusuna ta gaishe su. Mai Motoci ya amsa da fara'a. Baffa kuwa babur ɗin ya tsura wa ido.

"Ina babur ɗin ƙanena?"

Ta faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana. Ta kai wa Bakanike, tsohon abokin Abba mahaifinta, sun yi musaya, kuma ya yi mata alkawarin ba zai sayar da shi ba, shi zai riƙa hawa.

Giwa ake kiran babur ɗin Abba. Baƙa ce, doguwa, mai faɗin mazauni kamar kujerar falo, hannuwanta sun lanƙwaso baya suna tarar mahayi, shi kuma ya miƙe ƙafafu gaba ya kishingiɗa. Idan ta shigo gida gurnani take ƙasa-ƙasa, har kofuna su riƙa rawa a kan tebur. Abba bai haifi namiji ba, babbar 'yarsa kuma ko ƙarar ba ta so, don haka Auta ya koya wa hawa tun tana sakandare. Da ya rasu, ita ta ɗauki makullin. A kanta take aikinta na ɗakin gwaje-gwaje, tana zagaya ƙananan asibitoci tana karɓo jini da sauran abin gwaji a cikin akwatin sanyi.

Baffa ya kau da kai a kan hakan ne kawai don kayan marigayi ne, duk wanda ya ga Giwa a hanya sai ya yi wa mai ita addu'a.

Abin da Baffa bai taɓa tambaya ba shi ne yadda Giwa take a hannun mace mai jikin Auta. A daminar bara tayar gaba ta taka malalar mai a shataletale. Ko gudu ba ta yi, amma Giwa ta kwanta a kan ƙafarta. Ta tura, ta yi yunƙuri, ko motsi babur ɗin bai yi ba. Haka ta kwanta a kan kwalta cikin ruwa har maza suka taru suka ɗage mata, wasu na ɗaukarta a waya, wani yana cewa maganin mace mai ƙiriniya ke nan.

Idon sawunta ya karye. A ɗakin gashin ƙashi ta haɗu da Likita, mutumin da ya yi watanni yana riƙe da hannunta har ta sake taka ƙasa, daga baya kuma ya ƙi sakin hannun.

Shi ne mutumin da Baffa ya ƙi. Ko likita ba ya kiransa, sai dai mai tausa. Ya ce ba zai ba da 'yar ƙanensa ga wanda sana'arsa matsa ƙafafun mutane ba, alhali ga Mai Motoci, mutum mai fili cike da motoci, yana ta sintiri.

Yanzu Baffa ya ajiye kofin, ya nuna Zanzaro da baki. Ya ce wannan babur ɗin 'yan iskan gari ne masu tashin mutane daga barci, ba na 'yar mutunci ba. Ya ce ta sayar da ubanta ta sayo abin kunya.

Maganar ta soke ta, amma ba ta bari ya gani ba.

"Baffa, Abba bai bar min Giwa don ta danne ni ba. Wannan idan ya faɗi, ni kaɗai zan ɗaga abina."

Mai Motoci ya yi gyaran murya. Mutum ne mai taushin magana, bai taɓa ɗaga mata murya ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ya ce shi bai ga abin faɗa ba, ƙuruciya ce. Gobe ta zo filinsa ta zagaya, duk motar da idonta ya kwanta a kai tata ce, ta huta da rana da ƙura.

"Na gode, yallaɓai," ta ce. "Da dai ka gyara wa taka tsayuwa, ta tare wa mutane hanya."

Makullan hannunsa suka daina ƙara.

Ta juya za ta shiga ɗaki, sai ta ji Baffa ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta saba ji ba.

"Yi hawanki na 'yan kwanaki. Ko wanne kika aura, ƙafarki ta gama taka giya. Mai tausan naki ma a nan ya durƙusa ya yi min alkawari, ranar da kika shiga gidansa, ranar zai raba ki da babur."

Auta ta tsaya cak, hannunta a kan labule.

* * *

Umma tana ɗaki tana ninke wanki. Ta ji komai, domin tagar a buɗe take, amma ba ta ce uffan a kai ba. Tun rasuwar Abba haka ta koma. Gidan na Baffa ne, su zaman alfarma suke yi a sashen baya, don haka ta koyi haɗiye magana.

Ta tambayi Auta ko ta ci abinci. Can kuma, ba tare da ta ɗago ba, ta tambaya ko Bakanike yana da inuwar da zai riƙa ajiye Giwa, don rana tana ɓata mata fatar mazauni.

Auta ta ce yana da ita. Ita ma da ta miƙa makullin a gareji sai da ta zagaya bayan bango ta yi kuka mai isarta.

Wayarta ta yi ta haske da kiran Likita. Ta kife ta a kan gado.

* * *

Washegari ta fita aiki da zuciya a cunkushe, amma Zanzaro bai bar ta ta yi tunani ba. Komai nasa daban ne. A kan Giwa kishingiɗa ake yi, a nan kuwa sai ta ranƙwafa gaba, ƙafafunta su naɗe baya, gwiwoyinta su rungumi tanki. A danjar farko ta miƙa ƙafa gaba neman mataki, ta taki iska, har ta yi wa kanta dariya a cikin hula.

Totur ɗinsa ba ya son gardama, ɗan murzawa kaɗan ya zabura. Birkinsa kuma da yatsa biyu yake kamawa. Ta bi shi a hankali kamar mai koyon zama da sabon maƙwabci. A cunkoson bakin kasuwa, inda Giwa kan tsaya tana huci zafin inji yana gasa mata ƙafa, sai ga ta tana ratsawa salin-alin. Da ta iso shataletalen nan da ta faɗi, sai ta ɗan rage gudu. Ta kwantar da kafaɗa, babur ɗin ya bi ta kamar ya san abin da ke ranta, suka fita ta ɗaya gefen.

Wuyan hannunta ya yi tsami, bayanta ya riƙe, amma rabon da ta ji daɗin hanya haka tun Abba yana raye.

Ta sauke akwatin sanyi a ɗakin gwaji kafin lokacin da aka saba ganinta. Da aka tashi hutun rana, ta nufi ɗakin gashin ƙashi.

Ɗakin yana nan yadda ta san shi, warin man zafi, ƙatuwar ƙwallon roba a lungu, da dogayen ƙarafan nan biyu da masu koyon tafiya ke dafawa. Likita yana naɗe bandeji shi kaɗai. Dogo ne, mai sanyin hali, gilashinsa kullum yana zamowa kan hanci. Ya riga ya hango jan babur ɗin ta taga, fuskarsa ta nuna.

Ba ta zauna ba. Ta maimaita masa abin da Baffa ya faɗa, kalma bayan kalma, sannan ta ce ya ce mata ƙarya ne.

Ya ajiye bandejin. Ya cire gilashin ya goge, ya mayar.

"Ba ƙarya ba ne."

Ya yi ta bayani yana haɗa kalmomi da ƙyar. Wai Baffa ne ya kira shi, ya ce ƙofa ɗaya ce ta rage masa, idan ya ɗauki wannan alkawari za a duba maganarsa, idan ya ƙi, kada ya ƙara tako layin. Wai ya ga Mai Motoci yana neman shige masa gaba. Wai ya yi niyyar bayan aure ya lallaɓa ta a hankali, ba da tsawa ba, har ita da kanta ta ajiye.

"Wato ka koya min tafiya ne don ka zaunar da ni."

"Auta, kada ki faɗi haka."

"A tsakanin ƙarafan can na faɗi, na ce na haƙura, ka ce in tashi. Kai ka ce ƙafar nan za ta koma duk inda ta saba zuwa. Ashe kana da inda ka yanke mata."

Hawayen da take riƙewa tun jiya suka zubo. Ba ta share ba, ba ta kuma kau da fuska ba.

Ya matso, ya tsaya inda ya ga ba za ta ja baya ba. Ya ce ita hanya take gani, shi kuwa abin da hanya ke dawo da shi yake gani. A makon nan ma an kawo masa wani saurayi da ya hau irin wannan babur ɗin, hannunsa na dama ba zai ƙara ɗaga cokali ba, uwarsa ce ke ɓalle masa maɓallin riga. Ya ce Giwa ma da ƙyar yake haƙuri da ita, ballantana wannan da aka ƙera don gudu kawai.

"Duk ranar da aka turo keken marasa lafiya ta ƙofar nan, sai na fara duba takalmin, in ga ko naki ne," ya ce. "Kin san yadda hakan yake?"

Wannan ba ta taɓa saninsa ba, kuma ya taɓa ta. Ta ga idanunsa sun kaɗa, ta ji kamar ta ce shi ke nan, ya karɓi makullin. Sai da ta dafa ƙarfen nan mai sanyi kafin ta samu bakin magana.

Ta ce gudu a hannun mutum yake, ba a jikin ƙarfe ba, kuma shi shaida ne ba ta da ganganci. Ta tuna masa cewa abin da ya karya ta ba gudu ba ne, nauyi ne. Ya ce ba ita yake tsoro ba, sauran masu hanya ne. Ta ce waɗannan suna nan ko a mota take, ko a ƙafa.

"Tsoronka ban ƙi shi ba," ta ce. "Da ni ka zo wa da shi, da mun zauna. Ka ce in sa rigar kariya, in sa. Ka ce kada in hau babbar hanya, mu yi ciniki. Amma kai da Baffa kuka zauna kuka raba ni kamar kayan gado, ina can ina yawo da jinin mutane a bayana ban sani ba."

"Don in same ki na yi."

"Wadda za ka samu ta wannan hanyar ba ni ba ce. Wata ce mai kama da ni, tana zaune a taga tana jin haushinka."

Ya zauna a bakin gadon gashi, ya riƙe kai. Ya tambaye ta me take so ya yi.

Ta ce ya koma inda ya durƙusa, a gabanta, ya janye maganarsa.

"Idan na yi haka ya hana ni ke har abada."

"To ya hana. Na fi son a hana mu da gaskiya."

Ta ɗauki hularta. Har ta kai ƙofa yana kiran sunanta a hankali, ba ta waiwaya ba, don ta san idan ta ga fuskarsa ba za ta iya fita ba.

* * *

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Likita bai zo ba, bai kuma kira ba. Yayarta ta bugo waya daga gidan mijinta tana kuka, tana cewa Auta ta rufa musu asiri, idan Baffa ya juya musu baya ina Umma za ta sa kanta. Auta ta saurare ta har ta gama, ta ce ta gaishe da yara.

Ana haka ta dawo aiki wata rana ta tarar da wata 'yar shuɗiyar mota sabuwa fil a tsakar gida, ledar kujerunta ma ba a cire ba. An ajiye ta daidai inda take kafe babur. An bar makullin a kan tagar ɗakinsu.

Ta kafe Zanzaro a gaban motar, hanci da hanci. Makullin kuwa ta kai wa Baffa har rumfa, ta ajiye kusa da kofinsa, ta ce wani ya manta kayansa.

A ranar Baffa ya aika a gaya wa mai tausa yana nemansa ranar hutu da la'asar.

* * *

Da lokacin ya yi, an jera kujeru a rumfa. Mai Motoci ya riga kowa zuwa, yana ƙamshin turare. Likita ya fake tsohuwar ƙaramar motarsa can nesa da ƙofa, ya shigo a rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya gaida Baffa, ya kasa kallon Auta. Umma tana daga bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, kanta a ƙasa.

Baffa bai ja zance ba. Ya ce ya gaji da zama abin nuni a layi. Ya ce ga mutum biyu, ɗaya ya kawo mota, ɗaya ya kawo alkawari, duk wanda ta ɗauka shi ya amince, har mai tausan, tun da ta nace. Sharaɗi ɗaya ne, ta ajiye makullin jan abin nan a kan tebur yanzu. Sannan ya juya ga Likita ya ce ya maimaita mata abin da ya faɗa da bakinsa.

Auta ta dube shi. Duk gidan ya dube shi.

Likita ya buɗe baki. "Baffa, ni dai abin da nake gani, da a ce za a ba ta lokaci..."

"Ban tambaye ka abin da kake gani ba. Ka yi alkawari ko ba ka yi ba?"

"Na yi."

"Kana kai ko ka sauka?"

Likita ya sunkuyar da kai. Gilashinsa ya zamo, bai gyara ba. Mai Motoci ya fara murmushi.

Auta ta ɗauke idonta daga kansa. Ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙare a ɗakin gashi. Ta miƙe, ta ce wa Baffa ta gode da zaɓin da ya ba ta, amma ba ta ga nata a ciki ba. Makulli kuwa yana aljihunta, a nan zai ci gaba da zama.

Baffa ya buga tebur har shayi ya zube. Ya ce muddin shi ne mai gidan nan, babur ɗin nan ba zai ƙara kwana a cikinsa ba.

"To ba zai kwana ba, Baffa. Amma inda ya kwana, nan zan kwana."

Ta shiga ɗaki ta zuba kayan aikinta da 'yan tufafi a jakar goyo. Abu ɗaya ne ya kusa karya ta, yadda za ta fita ta bar Umma ita kaɗai a wannan gida. Ta fito za ta durƙusa a gabanta ta nemi gafara, sai ta tarar tabarmar babu kowa.

Umma ce ta fito daga ƙuryar ɗaki, ta yafa mayafinta ta ɗaure shi tam a ƙirji. A hannunta akwai wata tsohuwar farar hular kwano da Auta ba ta taɓa gani ba, tana kakkaɓe mata ƙura da gefen zane.

"Ina za ki?" in ji Baffa.

"Gidan yayata, Baffan yara. Auta za ta kai ni." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Hular nan tawa ce. Kafin a haifi yaran nan, babu inda ƙanenka bai kai ni a bayan babur ba, kuma ban ji ranar da ka kira ni 'yar iska ba. Na yi shiru a gidan nan saboda ka rufa mana asiri, na gode, Allah ya saka. Amma yarinyar nan ubanta ne ya ɗora ta da hannunsa. Ba mai sauke ta ina kallo."

Baffa ya kau da fuska. Mai Motoci ya sami abin dubawa a wayarsa.

Auta ta tura Zanzaro waje, ta mayar da jakar gabanta, ta hau ta tayar. Umma ta tsaya tana nazarin ɗan mazaunin baya da ya ɗage sama.

"Wannan wurin zaman mutum ne ko na kaza?"

"Ki taka nan, Umma, ki dafa kafaɗata."

Da ƙyar da addu'a Umma ta tattare zanenta ta haye, ta rungume ƙugun 'yarta kamar za ta ɓalla shi. Masu shagunan layi suka fito suna kallo. Likita ya biyo su har bakin ƙofa ya tsaya, hannuwansa a sake. Daga cikin gida muryar Baffa ta iso, kowa ya ji.

"Kai mai tausa, ka taka ƙafa ka bi su, to ka manta da hanyar gidan nan. Ba ni ba kai."

Auta ba ta jira ta ga abin da zai yi ba. Ta saki kulochi a hankali, suka raɓa ta gefen doguwar farar motar, suka bar layin.

Ta yi tafiyarta a natse saboda Umma, wadda ta fara da salati a kunnenta, kafin su kai danja ta biyu kuma ta koma ba ta umarni, tana cewa ta kula da mai kurar can, ta bar wa babbar motar nan hanya. Rana ta yi sanyi, iska tana kaɗa gefen mayafin.

Sun hau doguwar hanyar da ta nufi unguwar yayar Umma ke nan, Auta ta kai ido madubi. Can baya, tsakanin wata motar haya da mai ɗaukar yashi, wata tsohuwar ƙaramar mota tana ta kutsawa, tana kunna fitila tana kashewa. Mutumin da bai taɓa wuce kowa a hanya ba, yau shi ake yi wa hon ana zagi.

Umma ma ta waiwaya ta gani. Ta bubbuga mata kafaɗa.

"Ga likitan naki can yana biye da mu. Ki ɗan rage mana, kada ya ɓace."

Auta ta ji idanunta sun cika a cikin hula. Ta ƙifta su, ta dubi hanyar gabanta. Ba ta ƙara wuta ba, ba ta kuma rage ba.

"Bar shi, Umma," ta ce. "In da gaske yake, zai cim mana."